Tambaya da Amsa: Manhaja ta nuna min inda maiko ke liƙewa a furotin, in yarda da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ina aikin firojet ɗina na ƙarshe a bayokemistiri, na zuba jerin amino asid na wani furotin a manhajar GPS-Lipid sai ya fito min da wurare huɗu da yace maiko zai iya liƙewa, amma malamin dake duba aikina yace kar in kuskura in rubuta cewa an tabbatar. Toh in dai ba za a yarda da ita ba meye amfanin manhajar? Dan Allah a warware min.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Malaminki yana da gaskiya, amma manhajar ma ba banza bace, abin da ya kamata ki fara dubawa shine wane irin maiko ta ce miki, don ba dukansu ake hangowa da ƙarfi ɗaya ba.

Kinga furotin da yawa in sel ya gama haɗa su sai wani enzaim ya zo ya ɗaura musu wutsiyar maiko, wannan wutsiyar ce ke shiga cikin tantanin sel ta riƙe furotin ɗin a wurin aikinsa kamar ƙugiya. Akwai maikon miristik mai kabon 14, shi enzaim ɗin NMT ne ke saka shi a kan amino asid ɗin gilaisin dake farkon furotin bayan an cire metiyonin na farko, kuma galibi zaki ga amino asid ɗin serin ko tiriyonin a matsayi na shida in an fara ƙirga daga metiyonin ɗin. Akwai kuma masu zuwa ƙarshen furotin, fanesil mai kabon 15 da jeranil-jeranil mai kabon 20, su suna neman alamar da ake kira CaaX, wato amino asid ɗin sistin sai wasu amino asid biyu marasa son ruwa sai na ƙarshe, in na ƙarshen liyusin ne yawanci mai kabon 20 ake sakawa, in serin ne ko metiyonin sai mai 15. Waɗannan suna da alama a fili kuma wurinsu sananne ne, ko farko ko ƙarshe, shi yasa hasashen kwamfuta a kansu yake da ƙwari sosai.

Inda gizo ke saƙa shine maikon falmitik mai kabon 16, kuma ina kyautata zaton shi ne ya baki wurare huɗun nan. Shi yana hawa kan sistin ne a kusan ko'ina cikin furotin, babu wata tsayayyar alama, enzaim ɗin dake saka shi, dangin DHHC, sun kai 23 a jikin ɗan Adam kowanne da irin furotin da yake so, sannan abin sakawa ake ana cirewa, sistin ɗaya zai iya ɗaukar maiko yanzun nan anjima a tuɓe masa. Manhajoji irinsu CSS-Palm da ya fito a 2006 da GPS-Lipid na 2016 abin da suke yi kawai su kalli 'yan amino asid dake gefe da gefen sistin ɗin su gwada da waɗanda aka riga aka tabbatar a lab su bada maki. Basu san ko sistin ɗin ya nutse a tsakiyar furotin bayan ya naɗe ba, ko ya riga ya ƙulla da wani sistin ɗin, ko ma furotin ɗin yana kusa da tantanin da enzaim ɗin yake zaune. Wani abin dake damuna ma shine yadda ake koya musu, duk sistin da ba a taɓa ganin maiko a kansa ba sai a lissafa shi a matsayin "babu", alhali wataƙila ba a taɓa gwada shi bane kwata-kwata.

Ko inda alamar take a fili ma sel yakan yi abin da ba a zata ba. Furotin ɗin Ras dake da hannu a cututtukan kansa iri-iri yana buƙatar fanesil, aka yi magungunan toshe enzaim ɗin dake saka fanesil ana murna, sai gashi KRAS, ɗaya daga cikin dangin Ras, in an hana shi fanesil sai ya karɓi jeranil-jeranil ya ci gaba da aikinsa. Ɗaya daga cikin magungunan, lonafarnib, sai a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi, kuma don cutar tsufan yara ta furojeriya ce ba cutar kansa ba.

Toh abin da zaki yi, ki ɗaga ma'aunin manhajar zuwa mafi tsauri kiga wanne ya rage cikin huɗun, ki gwada wata manhajar daban, ki leƙa rumbunan bayanan furotin na SwissPalm da UniProt ko an taɓa samun furotin ɗinki ko ɗan uwansa da maiko, ki duba ko sistin ɗin yana nan a irin furotin ɗin na wasu halittu kuma ko yana dab da ɓangaren dake ratsa tantani ko kusa da wani maikon, don waɗannan wuraren sunfi ɗauka. In lab ɗinku nada hali a canza sistin ɗin zuwa serin ko alanin a gani ko furotin ɗin ya saki tantani, ko a yi gwajin da ake cire maikon da sinadarin haidiroksilamin a maye gurbinsa da sinadarin bayotin da za a iya ganowa. In babu hali ki rubuta "ana hasashen" ki faɗi sunan manhajar da ma'aunin da kika zaɓa da makin kowane wuri, firojet ɗinki zai tsaya da ƙafarsa a haka.