Ga amsar tambayarka kan lalube bishiyar kod

Ɗana, na karanta saƙonka. Ka ce an ba ka aikin zaƙulo duk inda aka kira eval (fankshin da ke gudanar da rubutu a matsayin kod) a cikin fayilolin Python na wani shiri, tare da sunan fankshin ɗin da kiran yake ciki. Ka gwada grep, kayan aikin neman rubutu a cikin fayiloli, ya kwaso maka har da layukan sharhi da rubutun da ke cikin alamar zance. Ka koma ast.walk, na cikin ast, kayan Python na nazarin tsarin kod, ya samo kiran amma bai gaya maka a wane fankshin yake ba. Sai kake tambaya ko kayan aikin ne ba su da kyau.

Lafiyarsu ƙalau. Barin grep da ka yi daidai ne, domin shi haruffa kawai yake gani, shi kuwa ast.parse yana mayar da kod bishiya, kuma sharhi ba ya shiga cikinta sam. Matsalar ita ce ka ɗora wa walk nauyin da ba nasa ba. Shi walk kamar ka zazzage buhu ne a kan tabarma: komai zai fito, amma ba ka san abin da ke cikin wane ƙunshi ba. Takardun Python ma sun ce bai yi alkawarin wani tsari ba wajen miƙo gaɓoɓin bishiyar, wato guntayen kod ɗin da suka haɗa ta. Kuma gaɓoɓin ast ba sa riƙe da uwarsu, 'ya'yansu kawai suka sani. In ƙidaya kake so, ko tambayar "akwai ko babu", walk ya wadatar. In kana son sanin wuri, ɗauki NodeVisitor.

Ka gina kilas a kan ast.NodeVisitor, ka ajiye jeri fanko. A cikin visit_FunctionDef ka tura node.name cikin jerin, ka kira self.generic_visit(node) don ya sauka cikin 'ya'yan gaɓar, in ya dawo ka cire sunan. A visit_Call kuma ka duba: in node.func ast.Name ne kuma id ɗinsa eval ne, rubuta node.lineno da sunan ƙarshe na jerin. In jerin babu komai, kiran a waje yake, ba cikin fankshin ba.

Yanzu ka buɗe ido a kan generic_visit, don a nan almajirai ke faɗuwa. Da zarar ka rubuta visit_ na wata gaɓa, Python ya bar maka ragamar sauka cikin 'ya'yanta. Ba ka kira generic_visit ba, to reshen nan gaba ɗaya ya wuce ka, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. Duba wannan: print(eval(x)). Kira biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Visitor ya fara cin karo da print, ya ga ba eval ba ne. In ya tsaya a nan, eval na ciki ya kuɓuce, rahotonka ya fito tsaf alhali akwai ɓaraka. Wannan yana ci mini rai, domin wanda ya dogara da rahoton zai saki jiki.

Kada ka manta da async def, wanda ya shigo tun Python 3.5. Gaɓarsa daban ce, AsyncFunctionDef, don haka ka ƙara layi guda: visit_AsyncFunctionDef = visit_FunctionDef. Haka builtins.eval(x), a nan node.func ast.Attribute ne, sunan yana cikin attr.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na bincike, ka saba da kallon bishiyar da idonka. Rubuta ɗan misali, ka buga ast.dump(ast.parse(kod), indent=2). Zaɓin indent ya zo a 3.9. Mafi yawan zato-zaton da ake yi kan sunayen gaɓoɓi nan yake ƙarewa.

Sai dai ka gaya wa wanda ya ba ka aikin iyakar abin. In wani ya rubuta e = eval, daga baya ya kira e(x), bishiya suna e kawai za ta nuna maka, ba ta bin inda ƙima ta tafi. Sa wannan a rahotonka a fili. In ka gama, turo mini kilas ɗin tare da fayil na gwaji mai ɗauke da misalan nan, mu duba tare.