Tambaya da Amsa: Waiwayar darasi bayan an fito daga aji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce. Ana yawan ce mana mu riƙa waiwayar darasi bayan mun koyar. Kullum ina rubuta "darasi ya tafi daidai", amma ban ga canji ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan jimlar ce matsalar, domin ba ta faɗi abin da ya faru ba. Ki ware minti 10 da zarar kin fito, tun abin bai dushe miki ba. Ki rubuta abu ɗaya tak da kika gani da idonki, misali: da aka zo kan raba lamba, ɗaliban layin baya suka ajiye biro. Sai ki nemi dalili. Sauri kika yi? Ko misalin ne ya yi musu nauyi? A nan malamai da yawa ke tuntuɓe, su ce "yaran ba sa ji", kuma da zarar an faɗi haka babu sauran abin gyarawa.

Tsarin waiwaya da wani masanin ilimi, Graham Gibbs, ya fitar a 1988 da shirin aiki yake ƙarewa, don haka kada ki rufe littafin sai kin rubuta abu guda da za ki sauya gobe. Duk mako biyu ki karanta, ki ga abin da ke yawan dawowa.

Ki sa ɗalibai ma a ciki. Minti 2 kafin a tashi, kowa ya rubuta abin da ya gane da abin da ya shige masa duhu, ba tare da suna ba, don kunya na hana su faɗin gaskiya. Gobe ki fara da abin da ya fi yawa a takardun.