Tambaya da Amsa: Shin Icen Hikori Zai Yi a Zariya?

Tambaya: Malam, ni kafinta ne a Sabon Gari, Zariya. Ƙotar gudumar da ake shigo da ita daga waje wai ta icen hikori ce. A ina yake fitowa, kuma zai yi a gonata?

Amsa: Malam kafinta, hikori dangi ne mai iri kusan 18. Galibinsu a gabashin Amurka suke, har zuwa kudancin Kanada da Meziko, kaɗan kuma a Sin da Indiya. Pikan, wanda ake cin ƙwayarsa, ɗan gidan ne. Icen yana da tauri, ga jure duka ba ya tsagewa, shi ya sa ake ƙotar gatari da guduma da shi.

Batun shuka kuwa, kada ka ɓata kuɗinka. Irin ba ya tsira sosai sai ya yi kamar wata 3 cikin damshi da sanyi irin na firji. Ko ya tsiro, bishiyar na buƙatar doguwar hunturu kowace shekara kafin ta yi toho yadda ya kamata, sanyin hunturunmu kuwa bai kai ba. Ga saiwa mai nitso, ba ta son dashe.

In ƙota kake so, nemi marke ko ƙirya, ka bar shi ya bushe a inuwa don kada ya tsage.