An ce lamunin gyara makarantu ba zai ƙara haraji ba, takardar zaɓe kuma ta ce ƙari ne: wa ke ƙarya?

Tambaya: Malam, ina zaune a wajen birnin Houston da ke jihar Teksas ta Amurka, gidan haya, da 'ya'ya uku. Makarantarsu ta tsufa, na'urar sanyaya ajin ƙaramata ta mutu sau biyu tun dawowa daga hutu, wasu yaran ma a azuzuwan wucin-gadi suke karatu a tsakar fili. Gundumar makarantunmu ta sa a zaɓi ko a ci bashi don gyara. Takardar da suka aiko gida ta ce haraji ba zai ƙaru ba, amma samfurin takardar zaɓen ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ƙarin harajin kadara ne. A zauren WhatsApp ɗinmu kuma an ce kuɗin gwamnatin tarayya ne, mu 'yan haya babu ruwanmu. Kuɗin hayar da ƙyar nake haɗa shi. Ina tsoron in jawo wa kaina.

Amsa: 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Babu wadda ta yi miki ƙarya kai tsaye cikin takardun biyu, wadda aka aiko gidan dai ta faɗi rabi ta haɗiye rabi. Manyan baƙaƙen nan doka ce: tun 2019 majalisar Teksas ta wajabta a rubuta su a kan kowace ƙuri'ar lamunin makaranta, ko da adadin harajin ba zai motsa ba.

Maganar 'yan zaurenku kuwa, da ita nake kwana nake tashi, har na gaji da warware ta. Babu ko sisin gwamnatin tarayya a ciki. Gunduma ce ke sayar wa masu zuba jari takardun lamuni, ta karɓi kuɗi yau, ta biya uwar kuɗi da ruwa a cikin shekaru 20 ko 30, a Teksas har 40 doka ta yarda. Jinginar kuma harajin gidaje da filaye da shagunan gundumar ne. Harajin makaranta a jiharku kashi biyu ne: na gudanarwa, wanda ake biyan albashi da wuta da shi, da na biyan bashi. Ƙuri'arki ta shafi na biyun.

To ta yaya za a ci sabon bashi a ce haraji bai ƙaru ba? Abin da suke nufi shi ne adadin da ake cira a kan kowace dala 100 ta darajar gida zai tsaya inda yake. Tsohon bashi ya kusa ƙarewa, sai a ɗora sabo a gurbinsa. Da ba a ɗora ba, harajin sauka zai yi, wannan ne rabin da aka haɗiye. Sannan darajar gida ba a tsaye take ba. Mu yi misali: santi 20 a kan kowace dala 100, gidan da aka yi wa kuɗi dala 200,000, zai biya 400 a shekara. Baɗi masu ƙiyasi suka ce gidan ya kai 250,000, mai gida zai biya 500, gunduma kuma ta rantse ba ta ƙara komai ba, kuma ba ta yi kaffara ba. Alƙawarin ma hasashe ne. Idan darajar gidaje ta faɗi, dole a ɗaga adadin, don masu bin bashi ba sa jin "a yi haƙuri".

Ɗan haya kuma a ce babu ruwansa? Mai gidanki ba daga aljihun ubansa yake biya ba. Gidan haya ba ya samun rangwamen da ake yi wa wanda ke zaune a gidan kansa, don haka harajinsa cikakke ne, kuma idan kasuwa ta ba shi dama zai zubo miki shi ranar sabunta yarjejeniya. Ba za ki ga layin da aka rubuta "makaranta" a rasit ba, shi ya sa masu shayi ke cewa babu shi.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan: wanda ya ɗauka kuɗin kyauta ne ba ya tambayar sharaɗi. A 2011 gundumar Poway da ke Kalifoniya ta ci bashin dala miliyan 105 da sharaɗin ba za a fara biya ba sai bayan shekara 20. Ruwa ya yi ta hawa kan ruwa, abin da za a biya a ƙarshe ya doshi dala biliyan 1. Su ma masu zaɓen can da alƙawarin haraji ba zai tashi ba aka lallashe su. Yaran da ke aji ɗaya a lokacin su za su biya da furfurarsu. Sai da aka yi wannan abin kunya Kalifoniya ta ɗaure irin wannan lamuni a 2013, Teksas ta bi baya a 2015.

Kada ki fahimce ni a kan cewa ki ƙi. Ajin da babu sanyi a Houston cikin watan Agusta ba wurin karatu ba ne, kuma a Teksas kusan babu wata hanyar yin babban gini sai wannan. Kin ga abin da ya faru a gundumar Houston kanta a Nuwamban 2024: an nemi dala biliyan 4.4, kimanin kashi 58 cikin 100 suka ƙi. Ba don gine-ginen lafiya suke ba, rabon gundumar da lamuni tun 2012. Mutane ne ba su amince da shugabancin da jiha ta naɗa musu a 2023 ba. Rufin da ke yoyo dai bai daina ba.

Ki nemi takardar bayanin masu zaɓe da gunduma ke wallafawa, ki duba jimillar abin da za a biya har da ruwa, da shekarun biya, da ko sunan makarantar 'ya'yanki na cikin jerin ayyukan. Doka ta sa a ware babban filin wasa da wurin ninƙaya da kayan kwamfuta a tambayoyi daban, saboda haka kina iya amincewa da gyaran azuzuwa ki ƙi filin ƙwallo. Duk wanda ya ce miki da kuɗin za a ƙara wa malamai albashi, bai san abin da yake faɗa ba, doka ta hana.

Ba ki faɗa mini matsayin takardun zamanki a Amurka ba. Idan girin kad gare ki, wato katin zama na dindindin, ba ki zama 'yar ƙasa ba tukuna, kada ki yi rajista, kada ki taɓa takardar zaɓen nan, ko da wa ya ce miki "ai zaɓen makaranta ne kawai". A Teksas laifi ne, yana iya hana ki zama 'yar ƙasa, yana iya kai ki ga kora. Zaman hukumar makarantu kuwa a buɗe yake ga kowa, ki rubuta sunanki cikin masu magana, ki tafi da ranakun da na'urar ajin 'yarki ta mutu.