Tambayi Mai Haɗa Ƙarafan Tallafi: Me Ya Sa Ƙarfen Gwiwata Yake Zamewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tsinke jijiyar gwiwa a wajen ƙwallo, aka ba ni ƙarfen tallafi. In na zauna sai ya sulale ƙasa, gefensa kuma yana goge min fata. Ƙarfen ne ba shi da kyau, ko ni ne ban iya ɗaurawa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ba lallai ne laifin ɗaurinka ba.

Gwiwa ba ta lanƙwasa yadda ƙofa ke juyawa a kan ƙusa guda. Kan ƙashin cinya yana mirginawa a kan ƙashin ƙwauri, yana kuma zamewa a lokaci ɗaya. Tun 1836 wasu 'yan'uwa Jamusawa, Wilhelm da Eduard Weber, suka yi bayanin wannan. Shi ya sa cibiyar juyawar ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana ja baya yayin da kake durƙusawa. Dab da ƙafa za ta miƙe sarai ma, ƙwauri yakan ɗan murɗa waje kamar digiri 10, gwiwar ta kulle kanta.

To ƙarfe mai ƙusa ɗaya bai san da wannan ba. A tafiya, inda lanƙwasar ba ta wuce digiri 60 da wani abu ba, saɓanin kaɗan ne. Zama kuwa yana neman digiri 90, a nan ƙashi yake bin hanyarsa, ƙarfe ya bi tasa, fatarka ta sha wuya a tsakani.

Masu ƙira sun daɗe suna fama da wannan. Akwai mahaɗi, wato wurin da ƙarfen ke lanƙwasawa, mai ƙusa biyu da haƙora masu shiga juna. Wanda ya fi burge ni shi ne mai sanduna huɗu, domin an kwaikwayi jijiyoyin nan biyu da suka gitta juna a cikin gwiwa, cibiyarsa tana tafiya kamar ta gaske. Kamfanin Ottobock na Jamus har ya yi C-Brace, wanda ƙaramar kwamfuta ke sarrafa taurinsa a kowane taku, amma wannan na masu shanyewar ƙafa ne, ba irin lalurarka ba.

Sai dai abin da ke ci min rai shi ne yadda ake raina awo. Mahaɗi mai tsada in an ɗora shi ba daidai ba, gara mai ƙusa ɗaya da aka saita da kyau. Mu kan aza ƙusar kimanin santimita 2 sama da layin gaɓa, wato inda ƙashin cinya da na ƙwauri suka haɗu, an ɗan ja ta baya daga tsakiya, ƙusar gefen ciki da ta gefen waje suna kallon juna.

Ka koma wurin wanda ya ba ka, ka zauna ka tashi a gabansa ya gani da idonsa. Ka nuna masa inda fatar ta yi ja. A duba maɗaurin da ke saman tsokar ƙwauri, shi ke hana zamewa. In fatar ta fashe, kada ka jira ranar da aka ba ka.