Fatawa: Na Karanta Ciwon a Aji, Sai Na Gan Shi a Gidan Yayana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina karatun aikin jinya. Bana aka koya mana wata larura ta rashin daidaiton hali da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira BPD. Wallahi kamar matar yayana ake siffantawa. Yau Yaya ne mijin da babu kamarsa, gobe ta ce bai taɓa son ta ba. Ran da ya tafi kasuwar Illela cajin wayarsa ya ƙare, kafin la'asar ta kira Inna tana kuka wai ya gudu ya bar ta, ya dawo ya tarar ta haɗa akwati. Ya halatta in gaya wa dangi abin da ke damun ta? Kuma tana da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, karatunki farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka yi ta sauka daga kan saura, kuma ba baƙo ba ne a garin nan, don Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ki riƙe shi da kyau.

Amma bai halatta ki shiga dangi ki ce wance tana da ciwo kaza ba. Dalili na farko, ba ki da yaƙini. Tun 1980 aka shigar da larurar nan cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, kuma a yau alamomi 9 aka jera mata, sai mutum ya tara aƙalla 5, sun daɗe tare da shi tun farkon girmansa, kafin likita ya yanke. Ke biyu kika kawo mini: tsananin tsoron a guje ta, da ɗaukaka mutum yau a kayar da shi gobe. Ciwon damuwa, ko larurar bayan haihuwa, ko wani zafi na zaman auren da ba ki sani ba, duk suna iya kawo irin wannan. Ɗalibin da ya fara karanta cututtuka kuwa, kowa ya gani sai ya ga ciwo a jikinsa. Mu ma da muka fara Nahawu, har gaisuwar mutane muna gyarawa.

Na biyu, ko da kin dace, sunan zai zama laƙabi. Allah ya hana jifan juna da laƙabi a Suratul Hujurat aya ta 11, ya hana giba a ta 12. Kin san mutanenmu: yau ki ce BPD a tsakar gida, gobe a gidan biki "mahaukaciyar gidan su wane" za a ce, har 'ya'yanta su taso da shi.

Inda shari'a ta buɗe ƙofa shi ne nasiha ga mai haƙƙi. Da Fatima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan masu neman aurenta, ya faɗa mata aibin Mu'awiya da na Abu Jahm, don maslaharta. To, mai haƙƙi a nan yayanki ne. Ki keɓe da shi, kada ki ambaci sunan ciwo, ki ce abin da kike gani ya yi kama da wahalar da ake magani, ba tsiwa kawai ba. Ya lallashe ta su ga likita, a Asibitin Koyarwa ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Asalin maganin zama ne da ƙwararre, ana koya wa mutum yadda zai jure tashin zuciya ba tare da ya rusa komai ba. Marsha Linehan, Ba'amurkiyar da ta tsara fitacciyar hanyar wannan magani, a 2011 ta bayyana cewa ita ma ta sha wannan wahala da ƙuruciya. Addu'a da ruƙiya ta shari'a ba su hana zuwa asibiti, sai dai kada a yi saurin ɗora wa aljanu. In kuma ta taɓa ambaton cutar da kanta, wannan ba ya jira, ranar za a kai ta.

Batun zunubi: larurar nan ba hauka ba ce da ke ɗauke alƙalami, don hankali yana nan. Sallah da azumi da haƙƙin mutane suna kanta. Tsoron da ke rufe ta ba za a kama ta da shi ba, amma in ta zagi wani, ta nemi yafiya idan ta huce.

Ki kuma ja kunnen yayanki a kan abu guda. In ta ce "sake ni" cikin wannan hali, kada ya amsa, ya ɗauki hularsa ya fita masallaci. A mazhabar Malikiyya sakin mai fushi yana aukuwa muddin yana cikin hayyacinsa, igiyar kuwa uku ce kacal.

Allah ne mafi sani.