Dayis ɗin RCBS zai hau injin Lee kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Texas ta Amurka, ina da bindigar farautar barewa mai cin .308 Winchester da ƙaramar bindiga 9mm da nake zuwa filin atisaye da ita. Kuɗin harsashi ya ishe ni, ina so in fara ɗura nawa a gida. Wani abokin aikina ya ba ni tsoffin dayis na kamfanin RCBS kyauta, wato ƙarafan nan da ake murɗawa a kan injin ɗura harsashi don su yi aiki a kan kwanson harsashi, ni kuma injin kamfanin Lee nake hange saboda arha. Za su yi daidai? Kuma wane inji zan saya wanda ba zai cinye mini aljihu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Za su yi daidai, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Kusan duk dayis ɗin da ake sayarwa a Amurka tiredinsu, wato zanen murɗawa da ke jikinsu, ɗaya ne: kaurin 7/8 na inci, da zagaye 14 a kowane inci, shi ya sa za ka ga an rubuta 7/8-14 a jikin kwali. Lee, RCBS, Hornady, Redding, Lyman, Forster, duk a kan wannan awon suke. Kamar kwan fitila mai murɗawa ne, wanda ya ƙera shi bai dame ka ba muddin bakin ya zo ɗaya. Kowane kamfani zai so ka sayi komai a wurinsa, amma injin bai san sunan da ke jikin dayis ba.

Waɗanda suka fita daga wannan layi kaɗan ne. Injin Square Deal B na kamfanin Dillon nasa dayis ɗin kawai yake ci, kuma harsashin ƙaramar bindiga kaɗai yake ɗurawa. Tsohon Lyman 310 na hannu tiredinsa ya fi ƙanƙanta. Manyan harsasai irin .50 BMG dayis ɗinsu ya fi kauri. Sai Lee Loader, wanda Richard Lee ya fara da shi a 1958, da guduma ake aiki da shi, ba ya hawa inji ko kaɗan. In ka ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan a kasuwar kayan hannu da arha mai ruɗi, ka san abin da kake ɗauka.

Inda sabbin shiga ke tuntuɓe ba a dayis ba ne, a mariƙin kwanso ne, ɗan ƙarfen nan da ake zurawa a kan sandar injin don ya kama gindin kwanso. Na yawancin kamfanoni yana hawa injin juna, amma lambobinsu ba ɗaya ba ne. Naka na .308 lamba 3 ne a RCBS, lamba 2 a Lee, lamba 1 a Hornady. Na 9mm lamba 16 ne a RCBS, 19 a Lee. To ka ga in ka shiga shago ka ce a ba ka lamba 16 ba ka faɗi kamfani ba, za a iya miƙo maka ta Hornady, wadda ta .223 ce. Ka riƙa saye da sunan harsashi. Kuma da yake RCBS ba ya sa mariƙin a cikin kwalin dayis, Lee ne ke haɗawa da shi a yawancin nasa, akwai yiwuwar kyautar abokin naka ta zo babu shi. Ka buɗe ka duba. Wani abin kuma: mariƙin da Lee ke yi wa abin hannu na sa firaima, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke kunna garin harsashi, daban yake da na inji, kada ka haɗa su.

Sai bushin. Wasu injina ramin samansu ya fi dayis faɗi, sai ka murɗa dayis a cikin bushin, sannan bushin ɗin ya shiga inji da ɗan juyi kaɗan. Amfaninsa shi ne in ka saita dayis sau ɗaya ba sai ka sake ba. Lee na kiran nasa Breech Lock, Hornady na kiran nasa Lock-N-Load, kuma ba sa shiga na juna, amma cikinsu duka 7/8-14 ne, don haka RCBS ɗinka zai zauna a kowanne. Abin lura kawai, don ka more saurin sai kowane dayis ya samu nasa bushin, ga shi kana da na harsashi iri biyu. Ƙaramin kuɗi ne, amma yana taruwa.

Batun inji kuwa, iri uku ne. Akwai mai dayis ɗaya, wanda za ka gama wa kwanso hamsin mataki ɗaya sannan ka canja. Akwai mai kai mai juyawa da ke ɗaukar dayis da yawa. Akwai kuma babba wanda kowane jan hannu ke fitar da harsashi gamamme. Wannan na ƙarshe ka manta da shi yanzu. Yana da tsada, kuma abu huɗu ko biyar na faruwa lokaci guda, idon sabon shiga ba zai iya bin su duka ba.

Ga mai .308, ni mai dayis ɗaya nake so, wanda gangar jikinsa ta rufe kamar harafin O, don ya fi mai siffar C jure matsi idan ana mayar da kwanson doguwar bindiga awonsa. Mafi arha da zan iya ba da shawara a kai shi ne Lee Breech Lock Challenger. Da alminiyam aka zuba shi, wasu na raina shi saboda haka, amma .308 ba ya gagarar sa. In ka ɗan ƙara kuɗi akwai Lee Classic Cast na ƙarfe zalla. RCBS Rock Chucker shi ne wanda tsofaffin hannu ke yabo, kuma sun yi gaskiya, kamfanin yana wannan sana'a tun 1943 da Fred Huntington ya kafa shi a Oroville ta Kalifoniya. Sabonsa ya fi na Lee tsada sosai, amma in ka samu na hannu wanda sandarsa ba ta lilo kuma tsatsa ba ta ci ta ba, ɗauki. Abin da zai canja mini magana shi ne 9mm ɗin nan. In kana harba ɗari biyu ko uku kowane mako, mai dayis ɗaya zai gundure ka, sai ka dubi Lee Classic Turret mai rami huɗu. Ana iya zare sandar da ke juya kansa ya koma kamar mai dayis ɗaya har hannunka ya faɗa.

Ka duba tsoffin dayis ɗin da kyau. Na .308 galibi guda biyu ne, na 9mm guda uku. Ka haska tocila cikin na matse kwanso: in akwai tsatsa ko karce, kowane kwanso zai fito da zane a jikinsa. Ka tabbatar allurar da ke fitar da tsohuwar firaima ba ta karye ba, ko da yake ita ana sayar da ita daban. Na 9mm in an rubuta carbide a jikinsa ba dole sai ka shafa mai ba. In na ƙarfe ne na da, sai da mai. Na .308 kuwa mai wajibi ne a kowane kwanso, in ka manta sau ɗaya zai maƙale ciki, bakin gindin ya yage a mariƙi, ka kwana kana neman abin ciro shi. Kwanson da ka tsinto a fili ma ka leƙa cikinsa. Mai rami ɗaya a tsakiya shi ake so. Mai ƙananan ramuka biyu, wato Berdan, karya maka allura zai yi, haka na baƙin ƙarfe ko alminiyam ka jefar da su.

Kuɗin da ka rage a inji ka zuba shi a sikeli mai kyau, da kalifa ta awon tsawo, da abin rage tsawon kwanso don .308 yana miƙewa, da littafin awo na ɗaya daga cikin kamfanonin nan. Inji mai arha ba ya fasa bindiga, garin harsashin da ya wuce ƙima ko wanda aka rikita da wani ne ke fasa ta. Wannan gari ba albarushin bindigar toka ba ne da ake aunawa da ido, ka fara daga mafi ƙarancin awon da littafi ya bayar, kuma gwangwanin gari ɗaya tak ya kasance a kan tebur.

Ta fuskar doka, a Amurka ɗura harsashi don amfanin kanka ba ya buƙatar lasisin tarayya, amma yin sa don sayarwa yana buƙata. In da bizar wucin gadi kake zaune, dokar tarayya ta hana ka mallakar harsashi, har da kwanso da firaima da gari, sai in ka shiga cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai lasisin farauta. Masu karanta mu daga Najeriya kuma, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, don haka kada wani ya ce a sako masa kayan nan a kwantena.